Waƙar da Mutum Ya Fi So: Matsayinta Cikin Nazarin Waƙar Baka

1. Gabatarwa

Da wuya a sami Bahaushen da ya mallaki hankalin kansa, a tambaye shi waƙar da ya fi so cikin waƙoƙin makaɗa, ya rasa amsa. Abin lura kuwa shi ne, in ya faɗi sunan waƙar ba ya tsayawa nan. Sai ya zarce da labarin garin da ya fara jinta, da shekarar, da wanda su ke tare, da abin da ya same shi a lokacin. Watau an tambaye shi waƙa, ya ba da tarihin kansa. Manazarta sun saba ɗaukar irin wannan amsa a kan hira ce kurum, wadda ba ta da gurbi cikin aikin ilmi. Abin da suka sa gaba shi ne turken waƙa, da zubinta, da salon sarrafa harshe a cikinta, kuma lalle waɗannan su ne ginshiƙan nazari.

Amma fa manazarci da malamin kwaleji su ma mutane ne, ko wannensu yana da tasa waƙar. Wannan so kuwa, ko an bayyana shi ko an ɓoye, sau da yawa shi ke zaɓen waƙoƙin da a ke karantar da ɗalibai, shi ke kuma yanke hukuncin wane makaɗi ya fi wane. Saboda haka batun ya wuce hira. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa cikin ko wace waƙa da mutum ya ke kira tasa akwai abu biyu a cakuɗe, watau abin da makaɗi ya ƙaga, da abin da rayuwar mai sauraro ta ɗora a kai. Wajibin mai sharhi ne ya rarrabe su, ya ba ko wanne haƙƙinsa.

Malaman da ba su jahilci wannan al'amari ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda cikin Ihya'u Ulumiddin a kan sauraro, inda ya nuna cewa sauti mai daɗi ba ya zuba wa zuciya abin da babu shi a cikinta, sai dai ya motsa abin da ya tarar a kwance. Kafin shi Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya bayyana dalilin da ya sa mawaƙan Larabawa su ke buɗe ƙasidunsu da kuka a kan kufai da ambaton masoyiya: domin su jawo zukatan masu sauraro ne, gama kusan kowa yana da rabonsa cikin wannan sha'ani. Duka biyu sun gane cewa mai sauraro ba ya zuwa wurin waƙa hannu sake. Abin da ya rage shi ne a duba yadda haka ta kasance a waƙar baka ta Hausa.

2. Daga ubangida zuwa mai sauraro

A bisa tsarin gargajiya, waƙa tana da mai ita. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne, Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne, Mamman Sarkin Taushin Katsina kuwa na Sarki Usman Nagogo ne. Makaɗin fada yana shirya waƙa domin ubangidansa, ya rera ta a gabansa ran salla, ko ran naɗi, ko daren Jumma'a a ƙofar fada, a ba shi riga, ko doki, ko hatsi. Haka manoma su ke da nasu makaɗa, da mahauta, da maƙera, da mafarauta, da 'yan dambe. M. G. Smith, cikin maƙalarsa da ta fito a mujallar Africa a 1957, ya nuna cewa roƙo hanya ce ta tabbatar da darajar mutum a idon jama'a. A irin wannan zama talaka yana iya jin daɗin waƙar sarki, amma ba shi da ikon cewa a yi masa ita sa'ad da ya ga dama, balle ya kira ta tasa.

Faifan garmaho da rediyo su suka sāke wannan tsari. Sashen Hausa na BBC ya soma aiki a 1957, gidan rediyon Jihar Arewa da ke Kaduna ya buɗe a 1962, ƙananan akwatunan rediyo masu aiki da batir kuma suka bazu har ƙauyuka. Cikin shirye-shiryen Kaduna akwai Zaɓi Sonka, inda mai sauraro ya kan aiko da kati ɗauke da sunansa, da sunayen waɗanda ya ke so a gaisar masa, da waƙar da ya ke so a sa. Da ya ke tashar tana watsa shirye-shiryenta a kan gajeren zango, Hausawan Nijar, da Gana, da Kamaru, da Chadi su ma suna kama ta.

Wannan ɗan kati ya yi wa waƙar Hausa juyin da ba a cika lura da shi ba. Waƙar da aka shirya domin wani basarake, sai ga tela a Gusau ya zaɓe ta domin ya gai da ƙanensa da ke fatauci a Kumasi. Ba telan ya san basaraken, ba basaraken ya san da zamansa. Mutum uku ke nan suka taru a kan waƙa ɗaya: wanda aka yaba, da wanda ya zaɓa, da wanda aka gaisar. Ga na biyu da na uku, yabon ya koma gefe. Abin da ya tsaya a zuciyarsu shi ne ranar da aka ambaci sunansu a rediyo, da wanda ya tuna da su. Kaset, wanda ya yawaita cikin shekarun 1970, ya ƙarasa aikin, gama ya ba mutum ikon maimaita waƙa sau nawa ya ke so, a ɗakinsa, shi kaɗai. Wayar hannu ta zo daga baya ta sa waƙar cikin aljihunsa. Ashe maganar nan ta "waƙata" a bakin wanda ba makaɗi ba, ba kuma ubangida ba, 'yar zamani ce, kuma ya kamata mai nazari ya san shekarunta.

3. Abubuwa uku da tunani ke kamawa

Ba ko wace waƙa ce ke zama abar son mutane ba, ko da an sa ta a rediyo sau ɗari. Idan aka bi waɗanda suka kama zukata, za a tarar tunanin mai sauraro ya kan rataya ne a wurare uku, dukansu kuwa aikin makaɗi ne.

Na fari shi ne amshi, wanda Sa'idu Muhammad Gusau da masu bin tafarkinsa su ke kira gindin waƙa. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, shi ne babban misali. Amshinsa galibi gajere ne, 'yan amshi suna maimaita shi ba ragi ba ƙari, shi kuwa yana zuba ɗiyan waƙa a tsakani yadda ya ga dama. Mutumin da ba zai iya kawo ɗa guda na waƙar ba, zai kawo amshinta daidai bayan shekara 40, domin shi ne yankin da ya iya rerawa da kansa yana tafiya, ko yana tuƙi, ko yana sassabe. A takarda maimaicin nan ya kan gajiyar da ido, har wasu masu rubuta waƙa su kan yar da shi. A kunne kuwa shi ne rabon da makaɗi ya bar wa jama'a.

Narambaɗa ya bi wata hanya dabam. Shi da mataimakansa su kan shirya waƙa su gyara ta tun a gida. Jagora ya ɗauko magana, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, ɗiyan kuma cike su ke da karin magana da azanci. Irin wannan ba ta reruwa a bakin mutum ɗaya da sauƙi. Saboda haka masoyan Narambaɗa su kan hardace ɗiyan ne, su riƙa jefa su cikin zance kamar karin magana. Ke nan son Shata ya fi zama a kunne, son Narambaɗa ya fi zama a harshe, kuma wanda ya auna ɗaya da mudun ɗaya ya zalunci duka biyu.

Na biyu shi ne suna. Shata mutum ne mai yawo, waƙoƙinsa kuma cike su ke da sunayen garuruwa, da 'yan kasuwa, da direbobi, da ma'aikata. Mai sharhi da ke karanta waƙar a rubuce yana iya ganin jerin sunayen nan ciko ne, ko kuwa biyan bashin kyauta. Gaskiya ne akwai haka a ciki. Amma ga ɗan ci-rani da ya shekara biyar bai ga gida ba, jin sunan garinsu daga bakin Shata ya ishe shi dalilin son waƙar har ya mutu. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya kai ga wannan manufa ta wata ƙofa. A Waƙar Karen Mota ya zana halin yaron mota ne da wahalarsa, irin yaron da a ke gani a ko wace tasha. Duk wanda ya taɓa kwana a kan kaya, ko ya tura mota cikin laka, yana iya sa kansa a gurbin. Ɗaya ya kira mai sauraro da sunan garinsa, ɗaya ya kira shi da sunan sana'arsa.

Na uku shi ne murya da kiɗa, kuma shi ne wanda alƙalami ba ya iya ɗauka. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma yana bin hawa da saukar magana har ya zama kamar yana faɗinta. Amon kotso dabam, na taushi dabam, na kuntigi mai tsirkiya ɗaya dabam, na ƙwarya dabam. Sau da yawa mutum ya kan gane waƙarsa tun daga bugun farko, hankalinsa ya tafi wani wuri tun ba a furta kalma ba. Waƙoƙin soyayya na Haruna Uji na Haɗeja, in an kwashe su a takarda, maganganu ne masu sauƙi ƙwarai. Abin da ya riƙe waɗanda suka yi samartaka da su shi ne yadda muryarsa ke tafiya tare da gurmi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Malamin da ya karantar da waƙar baka daga allo kaɗai, bai sa wa ɗalibai faifai ba, ya ba su ƙashi ne ya hana su nama.

Abin da a ke son a fitar a nan shi ne, son mai sauraro shaida ne. Inda duk tunanin mutane da yawa ya taru ya rataya, a nan makaɗi ya yi wani aiki, kuma ya kamata mai sharhi ya je wurin ya duba ko mene ne.

4. Waƙar da zamani ya sāke wa ma'ana

Akwai kuma abin da ba makaɗi ya sa ba. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙoƙi sa'ad da Sardauna ya ke Firimiyan Jihar Arewa, mulki na hannunsa. Waƙoƙin yabo ne irin na fada, masu zuga gwarzo da rage darajar abokan hamayyarsa. Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna a Kaduna. Daga ran nan faifan bai sāke ba ko da kalma guda, amma abin da mutane ke ji a cikinsa ya sāke. Abin da aka shirya domin zuga rayayye ya koma ta'aziyya. Dattijon da ya ce ba ya iya jin waƙar nan bai yi hawaye ba, gaskiya ya faɗa, sai dai hawayen ba Ɗanƙwairo ya shirya su ba. Tarihi ne ya zo da su bayan an gama waƙar.

Har wa yau, tunanin jama'a ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi NEPU, ya sha ɗauri ko tara saboda ra'ayinsa, yana jin habaicin da ke cikin irin waɗannan waƙoƙi ta wata fuska, gama ya san wa a ke nufi. Mai sharhin da ya rubuta cewa waƙa kaza tana sa kowa begen wancan zamani, bai yi bincike ba. Abin da ke zuciyarsa da ta mutanen gidansu ya rubuta. Haka ya ke ga waƙoƙin da Shata da waɗansu suka yi wa sojojin tarayya lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Sojan da ya komo lafiya yana jinsu da alfahari. Matar da mijinta bai komo ba tana iya kashe rediyo in an sa su. Waƙa ɗaya ce, kuma ko wannensu yana da hujja.

Misalin da ya fi fito da batun fili shi ne na waƙoƙin wayar da kai. A 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, a 1973 kuma ta bar fam da sule ta kama naira da kwabo. Makaɗa da dama sun yi waƙoƙi domin fahimtar da jama'a waɗannan sauye-sauye. Aikin da aka yi su dominsa ya ƙare tuntuni, gama ba wanda ke bukatar a koya masa lissafin kwabo yanzu. Duk da haka akwai waɗanda in sun ji su sai zuciyarsu ta yi sanyi, domin suna tuna albashinsu na fari, ko kuwa abin da naira guda ta ke saye a lokacin. A nan kason mai sauraro ya rinjayi kason makaɗi nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba laifi ba ne mutum ya so irin wannan waƙa. Laifin yana wurin malamin da zai gabatar da ita ga ɗalibai a kan gwanintar harshe, alhali kuwa ƙuruciyarsa ya ke yabo.

5. Inda so ke ɓad da manazarci

So hana ganin laifi, in ji masu iya magana. Akwai ramuka uku da mai nazari ya kan faɗa in bai san da zaman son da ke zuciyarsa ba.

Ramin fari shi ne ɗaukar faifai guda a kan shi ne waƙar. Waƙar baka ba ta da matani tsayayye. Shata musamman ya shahara da ƙaga ɗiya nan take a fagen wasa, yana ƙari yana ragi gwargwadon waɗanda ke zaune a gabansa, kuma Bakandamiyarsa an ɗauke ta fiye da sau ɗaya, ɗaukar ba ta zo daidai da juna ba. Daɗa tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a ko wane gefe, saboda haka waƙar da a ke kwashe rabin sa'a ana yi a fili tilas a datse ta. Amma mai sauraro wanda ya girma da ɗauka guda, ita ya hardace har da tarin makaɗi da kukan faifai. In ya ji wata sai ya ce an ɓata waƙar. Idan wannan mutum ya zama manazarci, ya kan rubuta tasa ɗaukar ya kira ta asali, sauran ya kira su kuskure. Ta haka a ke mai da rayayyen abu gawa. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka, ayyuka da yawa kuma sun biyo baya, amma har yanzu a kan ga sharhin da bai faɗi ko wace ɗauka ya dogara a kanta ba.

Rami na biyu shi ne na shekaru. A 1989 waɗansu masu bincike biyu na Amurka, Holbrook da Schindler, suka gwada mutane da waƙoƙin ƙasarsu na zamani dabam dabam, suka tarar mutum ya fi son waɗanda suka yi tashe sa'ad da ya ke wajen shekara 24 da haihuwa. Binciken a kan Amurkawa aka yi shi, bai kamata a ɗora adadin a kan Hausawa kai tsaye ba, amma ma'anarsa sananniya ce a ko ina. Ko wane tsara yana ganin waƙa ta ƙare daga kan makaɗan samartakarsa. Ya kamata a tuna cewa mahaifin Shata bai yarda da sana'ar ɗansa ba, yana ganin roƙo ce mai zub da mutunci. Wannan Shata kuwa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Haka nan waƙoƙin finafinan Hausa na wajen shekarar 2000, irin ta fim ɗin Sangaya, manya sun yi tir da su sa'ad da suka fito, suna cewa kiɗan fiyano ne da kwaikwayon Indiya. Yaran da suka taso da su yanzu iyaye ne, suna kuma ambatonsu da irin muryar da iyayensu ke ambaton Garba Supa. Wannan ba ya nufin duk waƙoƙi darajarsu ɗaya. Abin da ya ke nufi shi ne, jin cewa na da sun fi na yanzu ba hujja ba ne, gama kowa yana jin haka a kan nasa.

Rami na uku shi ne mafi zurfi, domin ba a ganinsa. Waɗanda suka fara zaɓen waƙoƙin da a ke nazari a kwalejoji da jami'o'i yawancinsu maza ne, 'yan makaranta, masu sauraron rediyo. Abin da suka so shi ya shiga littafi. Amma waƙar da kusan ko wane Bahaushe ya fara ji a duniya ta reno ce, yana goye a bayan uwarsa ko yayarsa. Bayanta sai ta niƙa, da ta daka, da ta daɓe, da ta gaɗa a dandali. In an tambayi mutum waƙar da ya fi so ba ya ambatonsu, domin ba su da faifai, ba a san wanda ya ƙaga su ba, ba a kuma aika kati a zaɓe su. Amma in ya ji wata tsohuwa ta ɗauko ɗaya daga ciki sai jikinsa ya mutu. Ko makaɗan amada, irin su Uwaliya Mai Amada da Barmani Choge wadda ta rasu a 2013, waɗanda mata suka yi suna da biki da waƙoƙinsu shekara da shekaru, rabonsu cikin sharhi bai kai na makaɗan fada ba. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe waƙar daɓe. Tunanin mata game da waɗannan waƙoƙi taska ce da ke ƙarewa da ƙarewar masu ita.

6. Abin da ya kamaci malami

Ba a ce malami ya kashe son da ke zuciyarsa ba. Ba zai iya ba, kuma malamin da ba ya son waƙa ko ɗaya bai dace da karantar da ita ba. Abin da a ke bukata shi ne awo.

Awo na fari shi ne a sa waƙar ga wanda ba shi da wata alaƙa da zamaninta, a ga ko za ta riƙe shi. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960. Mafi yawan masu sonsa a yau an haife su bayan rasuwarsa, ba su taɓa taka Isa ba, ba su da abin da za su tuna game da fadar Sarkin Gobir Amadu. Dokin sukuwar da ya waƙe cikin Dokin Iska Ɗan Filinge ya daɗe da zama ƙasa. Duk da haka samari suna tura waƙar wa juna ta waya. Haka waƙar Ɗan Anace ta Shago: wanda bai taɓa shiga fagen dambe ba yana tsayawa ya saurari yadda aka saƙa zancen mutuwa cikin kirarin ɗan dambe. Waƙar da ta rayu bayan mutuwar duk waɗanda ke da dalilin sonta na kansu, ta kawo shaidar da ba ta da maƙaryaci. Ko nan ma sai an yi hattara, domin akwai begen gado: yaro ya kan so waƙa saboda ita mahaifinsa ke sawa da safe. Amma begen gado ba ya ɗaukar waƙa maras ƙarfi ya kai ta tsara na uku.

Awo na biyu shi ne malami ya tilasta wa kansa nuna wurin. In ya ce waƙa tana da kyau, ya nuna ɗan da ya ke nufi, da kalmar, da inda kiɗa ya juya, da abin da juyin ya yi wa ma'ana. In ya rasa abin nunawa sai labarin inda ya fara jinta, to, ya san kason wa ya ke magana a kai.

Na uku, a mai da tunanin masu sauraro abin bincike na kansa. Ɗalibin kwalejin horon malamai yana iya komawa garinsu lokacin hutu ya zauna da dattawa, maza da mata, ya tambayi ko wanne waƙar da ya fi so, da shekarar da ya fara jinta, da ko a fili ya ji ta, ko a garmaho, ko a rediyo, ko a kaset, da yankin da ya hardace, da abin da ta ke tuna masa. In aka tara irin wannan daga garuruwa da yawa, za a sami abin da littattafan nazari ba su da shi, watau tarihin yadda aka ji waƙar Hausa, ƙari a kan tarihin yadda aka yi ta. Aikin kuwa ba ya jira. Waɗanda suka ji waƙoƙin Sardauna da hankalinsu tun yana da rai sun haura shekara 70, waɗanda suka ga Narambaɗa da idonsu kuwa saura ƙalilan.

Makaɗi ya yi nasa ya tafi, faifai ya adana muryarsa. Abin da mai sauraro ya ɗora a kan waƙar ba ya cikin faifai. Yana cikin ƙirjin mutum ne, ranar da aka binne shi kuma an binne da shi. Mai sharhin da ya cakuɗa kason biyu zai karantar da ƙuruciyarsa da sunan adabi. Wanda kuma ya yar da kason mai sauraro ba zai taɓa iya bayyana dalilin da ya sa waƙar da aka yi wa sarki guda a Isa ta zama ta dubban mutanen da ba su san ko hanyar garin ba.